Daga Kwale-kwalen Gudun Hijira Zuwa Kujerar Hukumar Makarantu

Da almuru, bayan an tashi daga aiki, iyaye kan fara shigowa zauren da ɗai-ɗai. Wani da kakin wurin aiki a jikinsa, wata tana jaye da hannun yaro. A gaba mutum biyar ne zaune bayan dogon tebur, kowa da makirfo da ɗan allon sunansa. Can gefe tafinta na raba na'urar saƙalawa a kunne ga waɗanda Turanci bai zauna a bakinsu ba.

Mai magana yakan cike ɗan kati ya miƙa, a kira sunansa, a ba shi minti biyu ko uku. Wannan ta zo ƙorafi kan motar makaranta da ta daina biyowa ta layinsu. Wancan damuwarsa ajin da yara suka yi wa yawa. Malamai kuma sun zo neman ƙarin albashi. Wani lokaci sai dare ya yi nisa kafin a tashi.

Haka zaman hukumar makarantu yake a garuruwan jihar Kalifoniya ta Amurka. Babu jiniya, babu 'yan rakiya, alawus ɗin kujerar ma bai taka kara ya karya ba. Sai dai duk wanda ya bi sunayen masu zama a kan irin wannan tebur a San Jose, ko Garden Grove, ko Westminster, cikin shekara 20 da suka wuce, zai yi ta cin karo da suna ɗaya: Nguyen. Mutanen da suka shigo ƙasar hannu rabbana daga Biyetnam, su da 'ya'yansu, yau da amincewarsu ake kashe kuɗin makarantun unguwa.

A 2025 aka cika shekara 50 da fara wannan hijira. Cikar ta zo a lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ƙiyasta cewa mutum miliyan 120 ko fiye sun rasa matsugunansu a duniya, ƙasashe da dama kuma na ƙara tsuke ƙofofinsu. Muhawarar takan tsaya ne kan tanti da abinci da tsaron iyaka. Ba kasafai ake tambayar abin da ke biyo baya ba: yaushe ɗan gudun hijira ke tashi daga mai karɓar taimako ya zama mai faɗa a ji a garin da ya sauka? Tarihin Madison Nguyen ta birnin San Jose ya ba da amsa guda, da daɗinta da ɗacinta.

Yadda aka baro gida

Ranar 30 ga Afrilun 1975 dakarun Biyetnam ta Arewa suka shiga Saigon, babban birnin Kudu, yaƙin da ya ci miliyoyin rayuka ya ƙare. A makonnin da suka kewaye wannan rana an kwashe kimanin mutum dubu 130, akasarinsu sojoji da ma'aikatan gwamnati da waɗanda suka yi aiki da Amurkawa, tare da iyalansu. Da yawansu ta tsibirin Guam aka bi da su, sannan aka rarraba su a sansanonin soja huɗu: Camp Pendleton a Kalifoniya, Fort Chaffee a Arkansas, Eglin a Florida, da Fort Indiantown Gap a Pennsylvania.

Ba da hannu bibbiyu aka karɓe su ba. Ƙuri'ar jin ra'ayi da kamfanin Gallup ya yi a shekarar ta nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na Amurkawa ne kawai ke goyon bayan zuwansu. Gwamnan Kalifoniya na lokacin, Jerry Brown, ya fito fili ya nuna adawa, hujjarsa ita ce jihar na fama da nata marasa aikin. Shugaba Gerald Ford ne ya tsaya kai da fata har aka yi dokar tallafa musu a watan Mayu.

Ayari na biyu ya fi na farko yawa, ya kuma fi shi shan wuya. Daga 1978 masunta da manoma da 'yan kasuwa, da 'yan ƙasar masu asalin Sin, suka yi ta faɗawa teku cikin ƙananan jiragen kamun kifi. Guguwa da ƙishirwa da 'yan fashin teku sun hallaka ɗimbin mutane, ƙiyasin da aka fi ambata ya kama daga dubu 200 zuwa dubu 400. Kimanin dubu 800 ne suka kai gaci tsakanin 1975 da 1995. Su ma sai da suka yi watanni ko shekaru a sansanoni irin su Pulau Bidong a Maleshiya da Galang a Indunusiya, suna jiran ƙasar da za ta ɗauke su.

Wannan bala'i ne ya sa aka ɓullo da shirin ficewa ta hanyar doka a 1979, Shugaba Jimmy Carter kuma ya sa hannu a Dokar 'Yan Gudun Hijira ta 1980. Daga baya, a farkon shekarun 1990, aka buɗe ƙofa ga tsoffin jami'an Kudu da suka yi shekara uku ko fiye a sansanonin gwale-gwale na gwamnatin kwaminis. Yau Amurkawa masu asalin Biyetnam sun haura miliyan biyu.

Yarinyar gonakin Modesto

A 1975 aka haifi Madison Nguyen, shekarar da Saigon ta faɗi. Tana da shekara huɗu iyayenta suka saka 'ya'yansu a ƙaramin jirgin kamun kifi suka bar ƙasar. Sun zauna a sansanonin 'yan gudun hijira a Filifin, har wani coci na ɗariƙar Lutheran ya tsaya musu aka kai su Scottsdale a jihar Arizona. Haka tsarin yake a lokacin: dole a sami coci ko ƙungiya ko wani gida da zai ɗauki nauyin iyali kafin su fita daga sansani.

Gwamnati ta yi haka ne da nufin warwatsa baƙin a faɗin ƙasar, kada su taru wuri ɗaya su yi wa gari nauyi. Dabarar ba ta ɗore ba. Da zarar iyali sun ɗan farfaɗo, sai su tattara su bi 'yan'uwa zuwa inda ake samun aiki, ake jin harshensu, sanyi kuma bai tsananta ba. Ta haka Kalifoniya da Texas suka cika.

Mahaifin Madison ya yi aikin shara da goge-goge a Arizona, abin da yake samu kuwa bai isa riƙe gida mai 'ya'ya tara ba. Sai ya kwashe iyalin zuwa Modesto, a tsakiyar kwarin noma na Kalifoniya, inda gonaki ke neman hannu. A can Madison ta yi ƙodagon gona tare da iyayenta tun tana 'yar makaranta. Ta wuce Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz ta karanta tarihi, ta yi digiri na biyu a Jami'ar Chicago, sannan ta dawo yankin San Jose, inda ta koyar a kwalejin De Anza.

Birnin da ta zaɓa ba na banza ba ne. Masana'antun haɗa kayan kwamfuta sun ja dubban 'yan Biyetnam zuwa San Jose a shekarun 1980, domin aikin haɗa ƙananan sassa ba ya buƙatar Turanci mai yawa. Daga baya yawansu a birnin ya kai dubu 100, kusan kashi ɗaya cikin goma na mazaunansa. Amma har ƙarshen shekarun 1990 babu ko ɗayansu a majalisar birnin.

Makaranta ce ƙofar farko

Ga iyalin da suka sauka baƙuwar ƙasa, ofishin gwamnati na farko da suke hulɗa da shi kullum shi ne makaranta. Uba na iya shekara a masana'anta bai yi doguwar magana da kowa ba, amma yaro kowace safiya sai ya shiga aji. Cikin 'yan watanni yaron ya fi iyayensa Turanci. Sai ka ga 'yar shekara goma ita ce tafintar gida a asibiti da banki, har da ganawar iyaye da malamai inda ita ce ake tattaunawa a kanta.

Shekara ɗaya kafin faɗuwar Saigon, a 1974, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Lau da Nichols, wadda aka shigar a madadin ɗaliban San Francisco masu asalin Sin. Kotun ta ce bai wa yaron da ba ya jin Turanci littafi ɗaya da malami ɗaya da sauran yara ba adalci ba ne, dole makaranta ta taimaka masa ya fahimci darasi. Hukuncin ya ba 'ya'yan Biyetnam haƙƙi a takarda. A aikace kuwa, malaman da ke jin harshensu ba su da yawa, littattafai babu, gundumomi da yawa kuma ba su san ta inda za su fara ba.

Akwai kuma saɓanin al'ada. A tarbiyyar da iyayen suka taso da ita, malami mutum ne da ba a ja da shi, zuwa makaranta a ƙalubalance shi kuwa rashin kunya ne. A tsarin Amurka, iyayen da ba sa zuwa taro, ba sa tambaya, ana ɗaukarsu marasa kula. Shirun girmamawa sai aka fassara shi da halin ko-in-kula, ga shi yawancinsu aiki biyu suke yi a rana.

Tsoro ma bai bar su ba. A Janairun 1989 wani ɗan bindiga ya buɗe wuta a filin wasan wata firamare a Stockton, ya kashe yara biyar, dukkansu 'ya'yan 'yan gudun hijira daga Kambodiya da Biyetnam. Iyayen da suka tsere wa yaƙi suka binne 'ya'yansu a ƙasar da suka zo neman aminci.

Mece ce hukumar makarantu?

Amurka ba ta gudanar da makarantun gwamnati daga babban birnin ƙasa. An raba ƙasar gundumomin ilimi kimanin dubu 13, kusan kowacce da hukumarta, yawanci mai mutum biyar ko bakwai. A Najeriya naɗa jami'an ilimi na ƙaramar hukuma ake yi. A can kuwa, a mafi yawan wurare, mazauna gunduma ne ke zaɓen 'yan hukumar da ƙuri'a, galibi na wa'adin shekara huɗu, kuma ba a rubuta jam'iyya gefen sunan ɗan takara.

Ikonsu ya wuce na ƙungiyar iyaye da malamai nesa ba kusa ba. Su ke ɗaukar babban jami'in da ke tafiyar da makarantun gunduma, su ke sallamarsa. Su ke amincewa da kasafin kuɗi, wanda a matsakaiciyar gunduma kan kai miliyoyin daloli masu yawa. Su ke sa hannu a yarjejeniya da ƙungiyar malamai, su zaɓi littattafai cikin iyakar da jiha ta shata, su yanke shawarar gina makaranta ko rufe ta. A Kalifoniya, dokar Brown ta 1953 ta wajabta yin wannan duka a bainar jama'a, in ban da 'yan batutuwa kamar na ma'aikata da shari'a.

Abin da ya sa kujerar ta dace da baƙo shi ne arharta. Ba ta buƙatar tallan talabijin ko ubangidan siyasa. Masu jefa ƙuri'a a zaɓenta kan yi kaɗan, har ƙuri'u 'yan dubbai su ba mutum nasara. Wanda ke da ƙafar bin gida-gida da jama'ar da ta yarda da shi yana iya kayar da wanda ya fi shi kuɗi.

Me ya sa sai bayan shekara 27?

Duk da wannan sauƙi, daga 1975 zuwa 2002, lokacin da 'yan asalin Biyetnam suka fara hawa wannan kujera, tazara ce mai tsawo. Dalili na farko doka ce. Ɗan gudun hijira kan nemi katin zama na dindindin bayan shekara ɗaya, sai ya cika shekara biyar a matsayin mazauni kafin ya nemi zama ɗan ƙasa, ya kuma ci jarrabawar Turanci da ta tarihin Amurka. In ba takardar zama ɗan ƙasa, babu ƙuri'a, babu takara.

Na biyu neman na sakawa a bakin salati. Ƙarni na farko ya ƙare ƙarfinsa a masana'antu da gidajen abinci da jiragen kamun jatan lande a gaɓar Texas da Louisiana, da shagunan gyaran farce waɗanda suka zama sana'ar dubban mata. Ga kuma aika kuɗi ga 'yan'uwan da aka baro.

Na uku shi ne inda zuciya take. Dattawa da yawa sun ɗauki zaman Amurka na wucin gadi, siyasarsu kuwa ta Biyetnam ce: yaƙi da kwaminisanci, da neman sakin fursunoni. Ga wanda ya ga yadda shiga jerin sunayen gwamnati ke kai mutum kurkuku, rajistar zaɓe ma abar shakka ce.

Sannu a hankali abin ya juya. A 1988 jihar Kalifoniya ta amince da sunan Little Saigon, wato Ƙaramar Saigon, ga unguwar kasuwanci ta titin Bolsa a Westminster. A 1992 Tony Lam ya ci kujerar majalisar wannan birni, ya zama ɗan asalin Biyetnam na farko da aka zaɓa a wani muƙami a Amurka. Sai 1999, lokacin da mai wani shagon hayar bidiyo a Westminster ya rataye hoton jagoran 'yan kwaminis Ho Chi Minh da tutar gwamnatinsu. Zanga-zangar da ta biyo baya ta shafe fiye da kwana 50, wasu dararen taron ya kai dubbai.

Matasan da suka halarta sun fita da darasi dabam da na iyayensu: jama'ar da za ta iya tara dubban mutane a bakin shago za ta iya tara su a rumfar zaɓe. Dokar kare haƙƙin zaɓe ta tarayya ta taimaka, domin ta tilasta wa ƙananan hukumomi masu yawan irin waɗannan baƙi, ciki har da Orange da Santa Clara, buga takardun zaɓe da harshen Biyetnam. Gidajen rediyo da jaridun al'ummar suka zama dandalin kamfen.

Zaɓen 2002

A 2001 Madison Nguyen da abokanta suka ƙaddamar da gangamin rajistar zaɓe a San Jose, dubban mutane suka yi rajista a karon farko. Da shekara ta zagayo sai ta tsaya takarar kujera a hukumar makarantun Franklin-McKinley, gundumar firamare da ƙaramar sakandare a unguwannin masu ƙaramin ƙarfi, inda akasarin ɗalibai 'ya'yan masu asalin Latin Amurka ne, sai 'yan Biyetnam a biye. Ta ci, tana da shekara 27.

A kudancin jihar, a shekarar dai, lauya Lan Nguyen ya shiga hukumar makarantun Garden Grove. Su biyun ake lissafawa cikin 'yan asalin Biyetnam na farko da suka hau irin wannan kujera a Amurka. Bayan shekara biyu Kim Oanh Nguyen-Lam da Trung Nguyen suka bi sahu a Garden Grove, uku cikin biyar na hukumar suka zama 'yan al'ummar.

Abin da kujerar ke iya canzawa

Ɗan hukuma ɗaya ƙuri'a ɗaya gare shi, ba ya kuma da ikon ba shugaban makaranta umarni. Tasirinsa yakan bayyana ne a ƙananan abubuwa. Dokar Kalifoniya ta ce idan kashi 15 cikin 100 na ɗaliban makaranta na magana da wani harshe a gida, dole a aika wa iyaye sanarwa da wannan harshe. Ta kuma tanadi kwamitin iyaye a makarantar da ke da masu koyon Turanci 21 ko fiye. Doka na iya kwanciya a takarda shekara da shekaru, sai an sami wanda zai tambaya a gaban jama'a ko an fassara takardar, ko kwamitin na zama.

Akwai kuma abin da ba a aunawa. Uwar da ba ta taɓa buɗe baki a ofishin gwamnati ba takan samu ƙwarin gwiwa idan ta ji mai kujera na bayani a rediyo da harshenta, ko ta haɗu da ita a kasuwa ta kai mata kuka.

Batun harshe ne ya fi nuna sauyin zamani. A 1998 masu zaɓen Kalifoniya sun amince da ƙudiri mai lamba 227, wanda ya taƙaita koyarwa da harshen gida, ya ce a nutsar da yara cikin Turanci. A 2016 suka warware shi da ƙudiri mai lamba 58. Tun kafin nan, a 2015, gundumar Westminster ta buɗe azuzuwan da ake koyarwa da Turanci da harshen Biyetnam tare a firamaren DeMille, irinsu na farko a jihar. Damuwar iyaye ta juya: a da tsoron shi ne yaro ba zai iya Turanci ba, yanzu tsoron shi ne jika ba zai iya hira da kakarsa ba.

A 2018 majalisar jihar ta zartar da dokar da Sanata Janet Nguyen ta gabatar, wadda ta umarci a shirya manhajar koyar da tarihin 'yan gudun hijirar Biyetnam a makarantu. Gwamnan da ya sa mata hannu shi ne Jerry Brown, wanda ya dawo mulki bayan shekaru masu yawa, shi ɗin dai da ya yi adawa da zuwansu a 1975.

Nauyin zama "namu"

Madison ba ta daɗe a hukumar makarantu ba wani lamari ya fito da ita sarari. A Yulin 2003 wani ɗan sandan San Jose ya harbe Cau Bich Tran, mai shekara 25 kuma uwar yara biyu, a ɗakin girkinta. Abin da ke hannunta wuƙar feraye ce irin ta gidajen Biyetnam, ɗan sandan ya ce ya ɗauka babbar wuƙa ce. Ba a gurfanar da shi ba, daga baya birnin ya biya iyalanta diyya. Madison na cikin waɗanda suka jagoranci jama'a wajen neman bahasi.

A 2005 kujerar kansila ta gunduma ta bakwai ta zama babu kowa. Zagaye na biyu ya kasance tsakanin mata biyu 'yan asalin Biyetnam, Madison da lauya Linda Nguyen. Madison ta yi nasara, ta zama ta farko daga al'ummar a majalisar birnin.

Shekara biyu kacal bayan haka, da yawa daga waɗanda suka ɗaga ta suka juya mata baya. Rigimar kan suna ce. Masu fafutuka sun so a kira unguwar kasuwanci ta titin Story da Little Saigon, sunan da a wurinsu alama ce ta ƙin gwamnatin kwaminis ta Hanoi. Madison ta goyi bayan wani suna na sasantawa, Gundumar Kasuwanci ta Saigon, majalisa kuma ta amince da shi a Nuwamban 2007. Sai zanga-zanga ta ɓarke a ƙofar majalisar. Wasu suka kira ta 'yar kanzagin kwaminis, ita da iyayenta suka tsere wa kwaminis a jirgin kamun kifi. Wani tsohon matuƙin jirgin yaƙi, Ly Tong, ya shiga yajin cin abinci na kusan wata guda.

Majalisa ta janye sunan a 2008, amma wutar ba ta mutu ba. An kai ga ƙuri'ar kiranye a Maris na 2009, ta sha da kusan kashi 55 cikin 100. Ƙuri'un maƙwabtan da ba 'yan Biyetnam ba sun taka rawa wajen tserar da ita. Ta zama mataimakiyar magajin gari a 2011, ta nemi kujerar magajin gari a 2014 ba ta samu ba, haka ma ta majalisar jiha a 2016.

Kowa da inda ya hango

Ga dattawa da yawa, musamman waɗanda suka sha ɗauri bayan 1975, wakili amana aka ba shi. Su suka tara masa kuɗi, su suka fita zaɓe, don haka tutar Biyetnam ta Kudu, rawaya mai jajayen layuka uku, da sunan Saigon ba abin ciniki ba ne. Ba suna kawai suke karewa ba, shaida ce cewa wahalarsu ba ta tafi a banza ba.

Matasan da aka haifa a Amurka sukan girmama wannan, amma tambayarsu ta fi karkata ga kuɗin hayar gida da kuɗin jami'a da lafiyar ƙwaƙwalwa. Suna kuma ƙorafi kan yadda ake yi wa duk ɗan Asiya kallon haziƙi mara matsala, kallon da ke ɓoye yaran talakawan da ke faɗuwa a aji ba wanda ya lura.

Iyaye masu asalin Latin Amurka na da tasu tambayar. A gundumomi irin Garden Grove da Franklin-McKinley 'ya'yansu ne suka fi yawa a aji, amma da yawansu ba su da ƙuri'a saboda ba su da takardar zama ɗan ƙasa. 'Yan Biyetnam sun shigo ta ƙofar da doka ta buɗe musu hanyar zama 'yan ƙasa, su kuwa da yawa ba su samu wannan ba. Shi ya sa fuskokin da ke kan tebur ba kullum suke kama da na cikin aji ba.

Tsoffin mazauna ma ba duka suka saki jiki ba. A 2006 hukumar makarantun Westminster ta zaɓi Kim Oanh Nguyen-Lam ta zama babbar jami'ar gundumar, bayan kusan mako guda kuma ta janye naɗin. 'Yan Biyetnam da masu asalin Latin Amurka suka yi zanga-zanga kafaɗa da kafaɗa. Wannan gunduma ce aka kai ƙara a shari'ar Mendez, wadda a 1947 ta haramta ware 'ya'yan masu asalin Meziko a makarantu dabam.

Sai masu sukar da ke cewa kujerar ta zama tsani kawai. Suna da misalai: Madison ta wuce majalisar birni bayan shekara uku, Bao Nguyen, wanda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira a Tailan, ya tashi daga hukumar makarantun Garden Grove ya zama magajin garin a 2014 da ratar ƙuri'a 15 kacal. Masu kare su na cewa hawa tsani ba laifi ba ne in an yi aikin matakin farko da gaskiya, kuma wanda ba shi da gadon siyasa dole ya koyi karatun kasafi da sauraron masu fushi a wani wuri. Wasu ma ba su hau ba: Lan Nguyen ya yi shekaru masu yawa a kujerarsa ta makarantu.

Lissafin da ke ɗaukar lokaci

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, wato ba ya daɗewa. Wannan gaskiya ne ga mai ziyara, amma ɗan gudun hijira sau da yawa ba shi da gidan komawa, kuma abin da zai zama ya danganta da hanyar da aka shimfiɗa masa. A labarin 'yan Biyetnam abubuwa uku suka haɗu: doka mai kai baƙo ga zama cikakken ɗan ƙasa, makarantar gwamnati da ke karɓar ɗansa kyauta tun ranar farko, da ƙaramar kujerar zaɓe da talaka zai iya nema. A cire ɗaya daga ciki, ƙoƙarin mutum kaɗai ba zai kai shi ba.

Ƙofar da suka shigo ta cikinta ta tsuke ƙwarai. A 1980 Amurka ta karɓi 'yan gudun hijira fiye da dubu 200. Adadin da aka ƙayyade na 2020 ya sauko zuwa dubu 18, ya sake hawa a shekarun da suka biyo, sannan a Janairun 2025 aka dakatar da shirin da umarnin shugaban ƙasa. Masu goyon bayan tsukewar na kafa hujja da kuɗi da tsaro da nauyin da ke kan garuruwa, irin hujjojin da aka ji a 1975.

Matsalar ita ce 'yan siyasa na auna ɗan gudun hijira da wa'adin shekara huɗu, alhali sakamakonsa sai bayan ƙarni guda na 'ya'ya yake fitowa. Wanda ya duba iyalin Nguyen a 1980 zai ga gida mai bakuna da yawa da ke buƙatar tallafi, kuma bai yi ƙarya ba. Sai da aka yi shekara 23 daga ranar da suka shiga teku kafin ɗiyarsu ta fara yanke shawara kan karatun 'ya'yan wasu. Yaron da ke da shekara huɗu yau a wani sansani, in an buɗe masa irin wannan hanya, sai wajen 2050 za a san abin da garin da ya karɓe shi ya samu.